Taƙaitawa kan hujjar binciken kimiyya a kotu

A tattaunawar da 'yan'uwa suka yi kan wannan batu, ga inda bakinsu ya zo ɗaya:

1. Tufa mai jini a shanya ta a inuwa, sannan a sa a ambulan takarda. A leda, ga zafin Sakkwato, jinin ruɓewa yake, gwajin DNA (ƙwayar halittar gado da ke bambanta mutum da wani) ya tashi a banza.
2. Duk wanda kayan shaida suka bi ta hannunsa ya rubuta suna, rana da lokaci. Giɓi ɗaya a wannan rubutu ya ishi lauyan wanda ake tuhuma ya ƙalubalanci shaidar.
3. Fyaɗe: a je asibiti cikin awa 72, kafin wanka.
4. Saƙon waya a matsayin shaida sai da takardar tabbatar da na'urar da ya fito daga cikinta, bisa sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011.

An rabu kan nasaba. Wasu na ganin DNA ƙarin haske ne ga alƙali, wasu sun tsaya kan cewa ɗa na mai shimfiɗa ne, wato mijin uwar, li'ani (rantsuwar da miji ke yi gaban alƙali cewa ɗan ba nasa ba ne) kaɗai ke kore shi.