Me za mu kira yanke wa kare wutsiya da kunne don ado?

Salamu alaikum jama'a, masu Hausa a baki ku matso kusa ina neman taimako. Akwai kalmomin Turanci guda biyu da nake so mu tsayar musu da suna, "docking" da "cropping". Ta farkon ita ce yanke wa ɗan kwikwiyo wutsiya, ta biyun kuma yanke masa fatar kunne sannan a ɗaure abin da ya rage har ya miƙe tsaye. In kun taɓa ganin hoton karen nan da ake kira Doberman da kunnuwa tsaye cak masu tsini da ɗan dungu a baya, to ba haka aka haife shi ba fa, da kunne faffaɗa mai lilo da doguwar wutsiya yake zuwa duniya, hannun mutum ne ya mai da shi haka.

Aron kalmar kai tsaye ba zai yiwu ba. In ka rubuta "dokin" kowa zai ɗauka dokin hawa kake nufi ko ɗokin ganin wani, "kurofin" kuma ba ta ce wa kowa komai. Dole mu nemo a cikin namu.

Amma kafin a raɗa wa abu suna ya kamata a san mene ne shi, don na lura da yawa masu kawo shawara ba su san yadda ake yin abin ba. Wutsiya ana yanke ta ne kwikwiyo na da kwana biyu zuwa biyar, idonsa ma bai buɗe ba, kuma galibi ba a yi masa allurar kashe zafi. Ko dai a sa almakashi ko wuƙar tiyata a datse, ko kuma a ɗaure wurin tamau da zoben roba jini ya daina zuwa har wutsiyar ta mutu ta faɗi da kanta bayan wasu kwanaki. Ita kuwa wutsiya ba gashi ba ce, ci gaban ƙashin baya ce, akwai ƴan gaɓoɓin ƙashi a jere, akwai tsoka akwai jijiyoyi, duk sai an ratsa su kafin ta rabu da jiki. An yi wani bincike a Ostireliya a 1996 inda aka sa ido a kan ƴan kwikwiyo 50 lokacin da ake yanke musu, babu ko ɗaya da bai tsala ihu ba. Don haka maganar nan da ake yi wai jariri ne bai san zafi ba tukuna, ba gaskiya ba ce. Wani lokaci ma bakin jijiyar da aka yanke yakan dunƙule ya zama ƙulli a dungun ya riƙa damun kare har girmansa.

Kunne shi sai ya kai kamar sati bakwai zuwa goma sha biyu, shi kam in likita ne zai yi sai an sa shi barci. A yanke wani kaso babba na fatar kunnen da guringuntsin ciki, a ɗinke bakin, sannan a shiga doguwar wahala, a sa wani abu mai tauri a jikin kunnen a naɗe da filasta a riƙa kwancewa ana sake ɗaurewa sati da sati, wani har watanni, don dai guringuntsin ya sandare a tsaye. Kuma duk wannan a daidai lokacin da kwikwiyo yake koyon sabo da mutane da sauran karnuka, sai ya tashi abin da ya sani game da hannun mutum a kansa shi ne ciwo.

To yanzu ga kalmomin da aka kawo mini.

Wani ɗan uwa ya ce mu ce "gyaran wutsiya" da "gyaran kunne". Malam ka yi haƙuri wannan kam ban yarda da ita ba ko kaɗan, kuma ita ce ma dalilin da ya sa na ɗauki abin da zafi. Gyara sai abin da ya lalace. Ranar da muka ce gyara to mun riga mun yanke hukunci cewa kunnen da Allah Ya halitta wa karen da aibi, mai almakashi kuma taimako ya yi. Yaron da ya tashi yana jin "an kai shi gyaran kunne" ba zai taɓa tambayar ko akwai jini a ciki ba. Haka "aski" da wata ƴar uwa ta kawo, da "rage", duk jirgi ɗaya ne ya kwaso su. Aski ana yi gashi ya sake tsirowa babu wanda ya yi kuka, wannan kuwa har abada ne. Ita "rage" ta fi sauƙin laifi amma tana sa abin ya zama kamar wani ƙari ne ya yi yawa aka ɗebe.

"Yanke" ita ce ta fara zuwa bakin kowa kuma gaskiya ce ba ƙarya a cikinta, matsalarta kawai ta yi faɗi. Kare mota ta take masa wutsiya, ko ƙari ya fito masa a kunne, likita ya yanke don ya ceci ransa, shi ma yankewa ne, kuma wannan babu mai hankalin da zai hana. Ina so kalmarmu ta raba tsakanin wanda aka yi don magani da wanda aka yi wa lafiyayyen kwikwiyo don ido, saboda duk gardamar da ake yi a duniya a kan wannan rabewar take tafiya.

Ga wutsiya ni na fi karkata ga "guntule". Guntule wutsiya. Ku faɗe ta ku ji, tana nuna abu ne mai tsawo aka mai da shi guntu da ƙarfi, kuma kunnen Bahaushe ya saba jinta a kan gaɓar jiki, an guntule masa hannu, an guntule masa yatsa, babu wanda zai ji wannan ya ɗauka kwalliya ce. "Datse" ma ta yi kyau sai dai ita tana tafiya wurare da yawa, a datse hanya a datse ruwa a datse magana. "Gutsure" kuma ɗan kaɗan take nunawa alhali wasu karnukan gaɓa biyu ko uku kawai ake bar musu. Masu cewa jela ko bindi su sa tasu, guntule jela, guntule bindi, duk ɗaya ne, aikatau ɗin ne nake so mu haɗu a kai.

Kunnen ne ya fi ba ni wahala. Guntule kunne ta dace da irin wanda ake yi wa su Cane Corso da karnukan da ake kira bully, inda ake yanke kusan duka a bar ɗan abu kaɗan manne da kai. Amma na Doberman da Great Dane da Boxer ba guntu ake nema ba, tsini ake nema. Shi ya sa na kawo "fiƙe kunne", yadda ake fiƙe fensir ko tsinke, ana cire nama daga gefe har bakin ya yi tsini. Wani malami ya ce mini fiƙe ta yi laushi ba ta nuna zafi, kuma maganarsa abin dubawa ce. Amma ni a jina in aka ce an fiƙe wa mai rai kunne sai tsigar jiki ta tashi, don kowa ya san ba a fiƙe abu sai an sassaƙe jikinsa. Shi kuma ɗaurin filastar da ke biyo baya sai mu ce "kafe kunne", an fiƙe sannan an kafe.

Sai suna guda da zai haɗa su duka, ni na ce "yankan ado". Yana da sauƙin faɗa, ya faɗi abin da aka yi ya faɗi dalilin yinsa, kishiyarsa kuma a shirye take, "yankan magani". Wani ya ce "nakasa don ado" ya fi faɗin gaskiya, kuma ba laifi, ai dokar kula da dabbobi ta Ingila da Wales ta 2006 ma a ƙarƙashin babin nakasa dabba ta sa yanke kunne. Sai dai ina tsoron in muka sa hukunci ƙarara a cikin suna masu yin abin ba za su taɓa furta shi ba, sai su ci gaba da cewa gyara, mu kuma mu zauna da kalmarmu mu kaɗai. Yankan ado kowa zai iya faɗa, mai so da mai ƙi, amma ba ta ɓoye wuƙar ba.

Na san za a ce to ai ba duka ne don ado ba, kuma ya kamata a saurari hujjar masu yi. Mutanen Rum na da sun ɗauka guntule wutsiya na hana ciwon haukan kare, wannan kam camfi ne an daɗe da wuce shi. Masu haɗa karnuka faɗa suna yanke kunne don kada abokin karawa ya samu wurin kamawa, wannan kuma mugunta ce aka ɗora a kan mugunta. Ana cewa kunne a tsaye ba ya yawan ruɓa da ciwon ciki, amma ba a samu hujjar likitanci da ta tabbatar ba, kuma abin da zai sa ka yi tunani, Cocker Spaniel da ya yi suna wajen ciwon kunne ba a fiƙe nasa, waɗanda ake fiƙewa su ne waɗanda ake so su yi kwarjini su ba da tsoro. Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta karnukan farauta masu kutsawa cikin ƙaya da sarƙaƙiya suna kaɗa wutsiya har ta tsage, kuma ciwon bakin wutsiya yana da wuyar warkewa, wannan gaskiya ne. Amma binciken da aka wallafa a Birtaniya a 2010 ya nuna in an haɗa kowane irin kare, ba na farauta kaɗai ba, sai an guntule wa karnuka wajen 500 kafin a kare ciwon wutsiya guda ɗaya. Wato a ji wa ɗari biyar ciwo tabbas don gudun abin da zai samu ɗaya.

Abin da ya fi taɓa ni ma ba zafin ranar ba ne. Kare da wutsiya da kunne yake magana. In ya ji tsoro ya cusa ta tsakanin ƙafafu ya kwantar da kunne baya, in ya yi shirin faɗa ya ɗaga ta ta sandare, in ya ga ubangidansa kuwa har ƙugunsa rawa yake. Masu bincike a Italiya a 2007 sun gano har ɓangaren da wutsiyar ta fi karkata yana da ma'ana, ta fi yin dama in ya ga mai shi, ta fi yin hagu in ya ga baƙon kare da yake shakka. A Kanada kuma a 2008 aka haɗa karen roba mai inji aka riƙa canja masa wutsiya doguwa da gajeriya, sai aka ga karnuka na gaske suna bambance doguwar in tana kaɗawa da in ta tsaya, gajeriyar kuwa ko ta kaɗa ko ta tsaya kusan duk ɗaya suke ganinta. Ka ga kenan an raba shi da abin da zai ce wa ɗan uwansa "lafiya na zo" tun daga nesa, kuma shi ba a tambaye shi ba, ba shi ne zai kalli madubi ya ji daɗi ba.

Ƙasashe da yawa sun riga sun tsaya a kan rabewar nan tsakanin yankan ado da yankan magani. Yarjejeniyar Turai ta kare dabbobin gida ta 1987 ta hana guntule wutsiya da fiƙe kunne da cire murya da cire farce in ba don magani ba, ko da yake wasu ƙasashen irin Faransa sun sa hannu amma sun ware maganar wutsiya. Suwidin ta hana na wutsiya a 1989, Jamus a 1998 ta bar ƙofa ga karnukan farauta kawai, Ostireliya a 2004. A Ingila tun 2007 ba a yi sai ga karen aiki da aka kawo shaidarsa, likitan dabbobi ne zai yi kuma kada ya wuce kwana biyar da haihuwa. Sikotilan ta hana gaba ɗaya a 2007 sannan a 2017 ta sassauta wa wasu karnukan farauta da sharaɗin kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku. Amurka ce har yanzu ake yi a fili, babbar ƙungiyar rajistar karnukansu AKC tana cewa yana cikin kamannin da aka san kowane iri da shi, ƙungiyar likitocin dabbobinsu AVMA kuma tun 2008 ta fito ƙarara ta ce ba ta goyon baya in don ado ne kawai. Duk wanda zai fassara mana irin wannan labarin zai buƙaci kalmomin nan biyu a hannu, yankan ado da yankan magani, in ba haka ba mai karatu ba zai gane me aka hana me aka bari ba.

Akwai wani ɗan abu kuma da Hausa ta yi mana da kanta. Wasu karnukan da gajeriyar wutsiya ake haifarsu, kamar French Bulldog da wasu daga cikin Pembroke Corgi, babu wanda ya taɓa su. To wannan sai mu ce mai guntuwar wutsiya, wanda aka yanke wa kuma mai guntulalliyar wutsiya. Haka kunne, mai tsayayyen kunne irin German Shepherd da nasa ke miƙewa da kansa yana girma, da mai fiƙaƙƙen kunne.

Wanda ya rage ban samo ba shi ne na cire murya da yarjejeniyar nan ta ambata, inda ake yanke wani sashe na tantanin murya a maƙogwaro don haushin kare ya koma ƙasa-ƙasa kamar mai shaƙewa. "Kashe murya" na fara tunani amma muryar ba ta mutuwa duka, "dushe haushi" kuma ban ji ta zauna a baki ba. Malamai da ɗaliban Hausa da likitocin dabbobi da ke nan, don Allah ku kawo naku, kuma in akwai mai kalmar da ta fi fiƙe dacewa da kunnen ina saurare.