Sauran megata ta ƙone, kuma wai kada in ce sata

Ɗan Garin Malam: Salamu alaikum 'yan zaure. Yau raina a ɓace yake, ku yi haƙuri da ni. Na sayi forfe, wato ƙunshin data, na sati da jika biyu cur, amma duk satin nan rezo, wato sabis, ba ya tsayawa a unguwarmu sai tsakar dare. Da rana in ka tura hoto sai ya yi ta juyawa har ka manta ka tura. Jiya sati ya cika, da safe na duba sai na ga babu komai, alhali fiye da rabin megar ban taɓa ta ba. Ba su ba ni rezo ba, kuma sun haɗiye saura. Wannan sata ce tsirararta, hukumar sa ido kuma tana kallo. Me zai hana a tilasta musu su ɗora wa mutum abin da ya rage in ya sake saye? Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, kowa ya san nasa.

Mai Kabu-kabu: Wallahi ka faɗi abin da ke raina. Allah ya isa.

Hajiya Mai Turaren Wuta: Ni da kasuwata duk a statu take, me zan ce? Sai dai Allah ya saka mana.

Malam na Birni: Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya huci zuciyarka, amma ka janye kalmar sata. Sata a shari'a tana da sharuɗɗa. Ita ce ɗauke dukiyar wani a ɓoye daga ma'ajiyarta, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ba a tsayar da haddi sai abin ya kai rubu'in dinari. Kai kuwa da hannunka ka danna lambar, aka rubuto maka kwana 7, ka yarda. Ina ɓoyon yake?

Ɗan Garin Malam: Allah ya gafarta Malam, ni ban ce a yanke hannun kowa ba. Cewa na yi kuɗina ya tafi.

Malam na Birni: To ka ce kuɗinka ya tafi. Wannan magana ce daban.

Mai Kiyos na Kasuwar Dole: Allah ya saka wa Malam. Kullum mu ake zagi a kiyos kamar mu muka ƙera forfen. Mutum zai bar WhatsApp yana sauke duk bidiyon da aka watsa a zaure goma, wayarsa tana sabunta manhajoji da dare, ƙannensa uku suna jone da shi, gari ya waye ya zo ya ce an sace masa. Ku shiga saitin waya ku kashe sauke abu kai tsaye, sannan ku zo mu yi magana.

Ɗan Garin Malam: Kai ma ba ka karanta ba. Ban ce megata ta ƙare da wuri ba, na ce ta RAGE aka ƙone ta.

Mai Kabu-kabu: Bar shi, kamashonsa yake karewa.

Mai Kiyos na Kasuwar Dole: Kamashon nawa ne? Ka zo ka zauna wuni guda ka ga abin da ake samu a katin dala ɗari. Kai da kake ninka kuɗin kai mutum Kara-Kara da an ce esansi ya yi wuya, mun taɓa ce maka ɓarawo?

Mai Kabu-kabu: Ka ce mana, ai bakinka ne.

Ustazu Ƙarami: Da izinin Malam. In ba sata ba ce to cin dukiyar mutane ne da ɓarna, kuma wannan ma haramun ne da nassi. Ka sayi tiyar gero, ka ci rabi, mai gero ya biyo ka gida ranar Juma'a ya kwashe saura ya ce wa'adi ya cika. Wa zai yarda?

Malam na Birni: Ƙiyasinka bai hau ba. Gero ciniki ne, ka mallaki abin. Wannan kuwa ijara ce, wato haya. Amfanin hanyarsu ka biya na kwanaki sanannu, da iyaka sananna. In ka yi amfani naka, in ba ka yi ba lokaci ya wuce.

Ustazu Ƙarami: To a ijara ai dole mai ba da haya ya miƙa amfanin. Shi ya ce rezo bai zo ba sai dare. Ke nan ba su miƙa ba.

Malam na Birni: Wannan sai ya kawo shaida. Kuma ko ya tabbata, sunansa tauye haƙƙi, ba sata ba.

Ustazu Ƙarami: Malam, tauye mudu fa sura guda aka saukar a kansa.

Malam na Birni: Yaro, lokacin da nake karanta wannan surar da tafsirinta ba a yi auren mahaifinka ba. Karatun bidiyo na minti biyu ba ya sa mutum ya zama mufti.

Ustazu Ƙarami: Hujja muke nema, ba shekaru ba. Allah ya ba da haƙuri.

Hajiya Mai Turaren Wuta: Kai ma ka rage kaifin baki, sa'an babanka ne.

Ɗalibar Jami'ar André Salifou: Don Allah ku bari in mayar da mu kan tambayar. Abin da yayanmu ya nema ba sabon abu ba ne. A Afirka ta Kudu tun 2019 hukumarsu ta ICASA ta wajabta wa kamfanoni su ba mutum damar ɗora sauran datarsa a kan sabon forfe, ko ya tura wa wani. A Gana ma a shekarar ce ministar sadarwa ta ba da umarnin kada a ƙone abin da mutum bai yi amfani da shi ba. Mu nan Nijar muna da hukumar ARCEP, aikinta ke nan ta duba farashi da ingancin rezo. In aka haɗa takarda da sa hannun mutane, ƙungiyoyin kare haƙƙin masu saye za su iya kai mata. Ko sata ce ko haya ce, doka tana iya gyara shi.

Badamagare a Kano: Ku gode wa Allah ku a can. Mu nan Najeriya a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Kuka kawai aka yi aka ci gaba da saye.

Mushe Mai Ritaya: Ku ai kun saba. Ƙasar da ta rufe Twitter wata bakwai saboda an goge wa shugaba rubutu.

Badamagare a Kano: Mushe, da girmanka. Twitter kaɗai aka rufe, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kuma kowa ya sa VPN ya ci gaba da harkarsa. Ku fa? A Fabrairun 2021, da aka faɗi sakamakon zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, intanet ɗin waya gaba ɗaya aka kashe muku wajen kwana 10. Kuma kar ka ce mani "ku". A Zango aka binne cibiyata.

Mushe Mai Ritaya: Wanda ya shekara ashirin yana lissafi da naira ai sai a hankali.

Mai Kabu-kabu: Yawwa, tun da an zo nan. Waccan ita ce babbar sata, kuma ba ta mega ba. Duk Damagaram ta san wanda ta zaɓa.

Tsohon Ɗan Tarayya: Na san za a zo nan. Hukumar zaɓe ta CENI ta faɗi sakamako, kotun tsarin mulki ta tabbatar. An ƙona gidaje a Yamai, an fasa shaguna, an rasa rayuka, me kuke so gwamnati ta yi? Ta bar masu zuga su ci gaba da tura murya?

Mai Kabu-kabu: Sai a kama masu zugar, ba a rufe wa miliyoyi baki ba.

Hajiya Mai Turaren Wuta: Ni dai abin da na sani, kwanakin nan ko kwalba guda ban sayar wa na nesa ba. Masu saye na Agadas da Difa sun yi zaton lafiya ce ba ni da ita. Kuma forfen watan da na saya kafin a rufe haka ya ƙone, ba wanda ya ce mani sannu, gwamnati ko kamfani.

Tsohon Ɗan Tarayya: Hajiya, zaman lafiya ya fi turare.

Hajiya Mai Turaren Wuta: Da turaren nake ciyar da marayu huɗu, Alhaji. Ka iya bakinka.

Shugaban Zaure: Jama'a, a bar siyasa. Na sha faɗa, dokar laifukan intanet ta 2019 tana nan, kuma a Yunin 2024 an mayar da hukuncin ɗauri da aka cire a 2022. Ɓata suna ko zagi ta waya shekara 1 zuwa 3 ne, yaɗa abin da zai ta da hankalin jama'a shekara 2 zuwa 5. In aka kira mutum kumsariya ni za a fara tambaya. Wanda ya sake ambaton zaɓe zan cire shi.

Malam na Birni: Ka ji abin da nake gudar masa ke nan tun farko. Kalmar sata ƙazafi ce in ba shaida.

Ustazu Ƙarami: Ƙazafi a fiƙihu na zina ne, Malam.

Malam na Birni: Ba da kai nake ba.

Shugaban Zaure: Ni maganin da na gani shi ne Starlink, intanet na tauraron ɗan Adam. Gwamnati ta sa hannu da su a Oktoban 2024, aiki ya fara a hukumance a Maris ɗin 2025. Ba ruwansa da eriyar unguwa, ba ruwansa da igiyar teku. Kun tuna 14 ga Maris 2024 da igiyoyin ƙarƙashin teku suka katse a wajen Kodebuwa, Afirka ta Yamma ta kwana tana lalube? Mu da ba mu da teku, intanet ɗinmu ta ƙasashen maƙwabta yake biyowa, in suka yi atishawa mu ke kwanciya. Wannan kuwa daga sama yake saukowa.

Mushe Mai Ritaya: Abin dariya. Sojan Faransa sun fita a Disamban 2023, na Amurka sun bar sansanin Agadas a 2024, mun yi ta kiɗa muna cewa mun samu 'yancin kai. Sai kuma mu ɗauki duk hirarmu mu miƙa wa tauraron attajirin Amurka, wanda in ya tashi da fushi zai iya kashe ƙasa guda daga ɗakinsa.

Ɗan Sa-kai na Fada: Mushe, kar ka raina ƙoƙarin hukumomi. Yarjejeniya aka yi ido da ido, ba irin ta da ba. Kuma waɗanda muke da su ɗin na waye? Airtel na Indiyawa ne, Moov na Maroko ne. Orange ta tattara ta tafi a 2019, Zamani ta gaje ta. Niger Telecoms ce ta ƙasa, tun da aka haɗe Sonitel da SahelCom a 2016. Mai kishin ƙasa na gaske pus ɗinta, wato layinta, zai riƙe.

Badamagare a Kano: Kai wane pus ne a wayarka?

Ɗan Sa-kai na Fada: Wannan ba ya cikin magana.

Mai Kabu-kabu: Hahaha.

Mai Kiyos na Kasuwar Dole: Tun da kowa na tona kowa, Shugaba ai wifi zon ne da shi a ƙofar gida, faranti a kan soro. Tikitin awa guda yake sayarwa. In kuran ta ɗauke a tsakiyar awar, yana mayar da kuɗi? In mutum ya yi minti 20 aka kira shi gida, sauran minti 40 suna jiransa gobe?

Ustazu Ƙarami: Allahu akbar. Malam, wannan fa, ijara ce ko me?

Malam na Birni: Ijara ce ita ma. Ni ba na canza hukunci don fuskar mutum.

Shugaban Zaure: Ba ɗaya ba ne. Ni ina da batir da sola, kuma mutum yana ganina, in yana da ƙorafi ga ni zaune.

Mai Kiyos na Kasuwar Dole: Minti 40 ɗin nake tambaya.

Ɗalibar André Salifou: Har yanzu ba wanda ya ce komai kan takardar. In na rubuta, wa zai sa hannu?

Mushe Mai Ritaya: 'Yata, da Faransanci za ki rubuta ko da Hausa? Ai yanzu Hausa ce harshen ƙasa.

Ɗan Sa-kai na Fada: Ka ga ɗaya daga cikin nasarorin ke nan, amma ba za ka yaba ba.

Tsohon Ɗan Tarayya: Nasara ita ce farashin shinkafa.

Shugaban Zaure: To ya isa haka. Ga taƙaitawa ga waɗanda ba su bi ba. Ɗan'uwanmu ya kawo kuka na gaskiya, kuma kusan kowa ya yarda cewa manyan kamfanonin waya suna cutar talaka, in ban da mutum guda da abincinsa ke wurinsu. Malam ya yi mana nasiha kan lafazi, mun karɓa, daga yau a ce tauye haƙƙi. Ɗalibarmu ta kawo labarin wasu ƙasashe, Allah ya ƙara ilimi, amma takarda a ƙasar nan kowa ya san inda take kwana. Abin da ya fito fili a muhawarar shi ne mutane sun gaji da forfe, kuma mafita tana wajen intanet na tauraro, kamar yadda akasari suka nuna. Batun tikitin awa ba ya cikin abin da aka taru a kai, don haka ban sa shi ba. Na cire Tsohon Ɗan Tarayya na kwana 3 saboda na yi gargaɗi. Na rufe rubutu sai bayan sallar isha'i, mai sanarwar rasuwa ko suna ya turo mani kai tsaye.