Tsohuwa ta kwanta ciwo, me ya kamata mu yi mata?

Ɗan shiyya: Salama, 'yan'uwa. Wata tsohuwa a shiyyarmu ta kwanta, ba ta iya zuwa Mas, wato sujadarmu ta cocin Katolika. Ta ina za mu fara?

Katakis (malamin koyar da addini a coci): A sanar da Fada, wato firist, yau, kada a jira sai ta daina magana. Fada kaɗai ke shafa wa majiyyaci mai, shi ke jin furcin zunubi. In ta fita hayyacinta, furcin ya wuce ta, Jibin Ubangiji, wato gurasa mai tsarki, ma ba zai haɗiyu ba. Kafin zuwan Fada, ku shirya tebur da farin ƙyalle, gicciye, kyandir da kofin ruwa. Azumin awa ɗaya kafin karɓar Jibi bai hau kanta ba, haka ma mai jinyarta.

Uwar Zumunta: Malam ya faɗi daidai. Ɗana, kada ku cika mata ɗaki, mutum biyu na minti 20 sun isa. Yin Rosari (addu'ar carbi) duka yana gajiyar da majiyyaci, ku tsaya a addu'ar Ubanmu ɗaya, A gaishe ki Maryamu goma, Ɗaukaka ɗaya. Kafin kai kunu, a tambaya ko tana da ciwon suga. Ku kuma karɓi mai jinya da wanki da ɗiban ruwa, ta samu ta runtsa.

Mawaƙiya: Ku raba ranakun ziyara a rubuce. In ba haka ba, kowa zai je makon farko, daga nan ƙafa ta ɗauke.