Gansakuka ta rufe mini duwatsu, amma gwaji na nuna fosfet sifili

Mai_Tankin_Gishiri:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da tankin ruwan gishiri mai cin lita 200, bai cika shekara ba, kuma da busasshen dutse, wato wanda babu halittu masu rai a jikinsa, na fara shi. Akwai kifin Ocellaris biyu a ciki, ƙaramin goby ɗaya, sai murjani masu laushi, zoa da Xenia. Ma'aunin gishirin ruwan na nuna 1.025, ɗumin ruwa digiri 25 zuwa 26.

Damuwata ita ce wata koriyar gansakuka mai dogon gashi da ta lulluɓe dutsen sama, wanda ke kusa da fitila, har ta fara hawa kan zoa sun daina buɗewa. In na tsige ta, kafin mako ya zagayo ta dawo. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a gwajin sinadaran da gansakuka ke ci, naitiret sifili, fosfet ma sifili. To me take ci? Wani ya ce in kashe fitila kwana uku, wani ya ce in sa GFO, wato garin da ke tsotse fosfet daga ruwa. Ruwan da nake haɗa gishiri da shi daga injin tace ruwa na RO yake fitowa, amma babu matatar DI mai kwashe ragowar sinadaran da RO ya bari. Don Allah a taimaka da shawara.

Kawu_Dattijo:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ruwa ba ya tsami banza. Wannan sifilin kada ya ruɗe ka. Gwaji yana auna abin da ya rage a cikin ruwa ne kawai, ita kuwa gansakukar tana wawushe fosfet da naitiret da zarar sun fito. Abincin yana nan, ya koma jikinta ne. Shi ya sa tsigewa take da amfani, amma sai ka fitar da abin da ka tsige daga tankin gaba ɗaya. In ka kankare da buroshi ka bar ɓurɓushin yana yawo, ka yi mata shuka ne a sauran duwatsun. Ka riƙa tsiga lokacin canjin ruwa, tiyo a hannu ɗaya yana zuƙewa, ɗaya hannun yana tsiga. Dutsen da babu murjani a kansa ka ciro shi, ka goge shi a bokitin tsohon ruwan da za ka zubar.

Busasshen dutse kuma sau da yawa yakan zo da fosfet a maƙale a jikinsa, ya yi ta sakinsa a hankali na tsawon watanni. Tankin da bai shekara ba kusan dole ne ya bi ta wannan mummunan zangon.

Kashe fitila ni ban ba shi muhimmanci ba. Za ta yi laushi, ta koɗe, ranar da haske ya dawo ita ma ta dawo. Gara ka rage ƙarfin farin hasken, ka tsaya a awa 8 a rana. Ka sa matatar DI, ka tabbata TDS, wato yawan sinadaran da suka narke a ruwan da kake tacewa, ya sauka zuwa 0. Sannan ina masu sharar tankinka? Ban ga ka ambaci dodon koɗi ko ɗaya ba. Nemi Trochus kamar goma da Turbo biyu. Na fi son Trochus domin in ya faɗi rigingine yakan juya da kansa, Astraea kuwa sai ka sa hannu ka tashe shi. Amma ka sani ba sa taɓa doguwar gansakuka, sai ka rage mata tsayi tukuna.

Hajiya_Murjana:
Kawu ya gama magana, sai dai batun GFO ɗin nan, Malam ka yi hattara. Ruwanka ya riga ya nuna sifili. In ka ƙara matse shi, ƙananan halittun da ke gasa da dino za su ragu, shi kuma ya samu fili. Dino wata ƙasa-ƙasar majina ce mai kumfa a jiki, tana yawaita da rana, ta ragu da dare, wasu nau'o'inta kamar Ostreopsis har dafi gare su mai kashe dodon koɗi. Wanda ya sha fama da shi zai ce maka gansakuka mai gashi wasa ce. Ni ina barin naitiret tsakanin 5 da 10, fosfet tsakanin 0.03 da 0.1. Kuma da me kake gwajin? Na ɗigo da duban launi ba ya iya bambance 0.05 da sifili. Na'urar gwaji ta Hanna mai nuna lamba ta fi dacewa.

Mai_Tankin_Gishiri:
Na gode Kawu, na gode Hajiya. Na duban launi nake amfani da shi. To kifin tang fa? An ce yana cinye ta tas.

Kawu_Dattijo:
Ba a lita 200 ba. Tang kifin yawo ne, zai takura, kashinsa kuma ya ƙara maka aiki. In lallai kana son mai ci da ƙarfi, sa bushiyar teku ta tuxedo guda ɗaya, amma ka manne ƙananan murjaninka da gam, don takan ɗauke su ta yi ta yawo da su a baya.

Abu_Zoa:
Kafin ka sayi komai, ciro zare ɗaya ka shimfiɗa a farin faranti da ɗan ruwa. In siririn zare ne kawai, nau'in gansakukar Derbesia ce, shawarar Kawu ta isa. In kuwa yana da rassa hagu da dama irin na gashin tsuntsu, Bryopsis ce. Tana kafa saiwa cikin ramukan dutse, yawancin dodon koɗi ba sa cin ta, kuma da maganin fluconazole masu tanki suka fi yaƙarta. Ɗora mana hoto daga kusa, da farin haske, ban da shuɗi.