Ta ina ake samun aikin kwangila a Bangui ko Juba?

Salamu alaikum ƴan uwa. Ni makaniken janareta ne a Maradi. Na yi aiki a Gao da wani kamfani mai kwangilar MINUSMA (rundunar kiyaye zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya a Mali), da aka rufe ta a ƙarshen 2023 na dawo gida, sai buga-buga. Yanzu ina hangen Bangui ko Juba, tunda MINUSCA da UNMISS, rundunonin Majalisar a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Sudan ta Kudu, suna nan. Na tura takarduna ta intanet, shiru kamar an shuka dusa. Wani dillali ya ce in kawo jika 400 da fasfo, amma ko sunan kamfanin ya ƙi faɗa, hankalina bai kwanta ba.

Don Allah waɗanda suka je, ta wace ƙofa kuka shiga? In mutum ya ji rauni ko ya rasu, wa ke biyan iyalinsa?