Tsaurara doka a harkar magani: kare talaka ake yi ko rufe masa ƙofa?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Duk sharaɗin da hukuma ta ƙara wa masu haɗa magani da masu sayarwa, a aljihun majinyaci yake ƙarewa. Ba gara a sassauta ba, talaka ya samu ko da rabin magani ne?

Ɗan Famasi:
Wa alaikumus salam. Malam, ai rabin maganin ne masifar. Kafson amoksisilin da aka rubuta masa miligiram 500 alhali 200 ne a ciki ba ya kashe ƙwayoyin cuta, koya musu juriya yake yi, majinyaci kuma ya sake saye. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin goma na magungunan ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marasa inganci.

Dubi maganin tarin yara na ruwa. Da wani ruwa mai kauri da zaƙi, gilisarin, ko makamancinsa ake haɗa shi. Idan kamfani ya bi arha ya sayi na masana'antu, sai a samu dayetilin gilaikol a ciki, guba mai kashe ƙoda. Yaro ya fara amai, bayan 'yan kwanaki fitsari ya tsaya. Ita ta kashe mutum fiye da 100 a Amurka a 1937, ta kashe yara kusan 70 a Gambiya a 2022. Gwada kowace gangar gilisarin kafin a zuba ne rigakafin, a nan babu sassauci.

Malama Mai Bincike:
Na yarda, amma ba duk doka ce ke tsare rai ba, akwai wadda kasuwa take tsarewa. Haƙƙin mallakar sabon magani, wanda ke hana wani kamfani yin irinsa ba da izini ba, shekara 20 ne. A 2000 maganin ƙanjamau na shekara guda ya haura dala 10,000; a 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin irinsa a dala 350. Abin da ya kamata a nema wa maganin da aka kwaikwaya irin wannan shi ne shaidar cewa yana shiga jini daidai da na asali, gwajin da ake yi da masu lafiya 'yan kaɗan. Ɓata lokaci ne kowace ƙasa ta sake tantance fayil ɗin bayanan ingancin maganin daga tushe, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya tana wannan aikin tun 2001.

Tsohon Jami'in Lafiya:
Ku ƙara da batun ma'aikata. In aka ce sai likita kaɗai, inda babu likita an ce babu kowa ke nan. A Mozambik da Malawi jami'an da ba likitoci ba suna yi wa mata tiyatar haihuwa bayan horo na musamman. Tanzaniya kuma tun 2003 take horar da masu ƙananan shagunan magani, ta ba su jerin abin da za su iya sayarwa. Inda abin ke lalacewa shi ne idan masu sa ido suka daina zagayawa: sai ka ga ana yanka katin maganin kwana biyar ana sayar da ƙwaya bibbiyu, ana kuma yin allura a bayan kanta.