Wasan opera na Italiya: na fada ne ko na talakawa?

Abu Hafsat, Riyad:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Tun da aka nuna wasan opera na Zarƙa'ul Yamama a nan Riyad a watan Afrilun 2024 nake son sanin asalin wannan wasan kwaikwayo da ake rerawa daga farko har ƙarshe. An ce daga Italiya ya fito, to sarakuna ya yi wa aiki ko talakawa?

Malam Sani, Jidda:
Wa alaikumus salam. A fada aka haife shi, domin a 1600 an nuna wasan opera mai suna Euridice a birnin Fulorans na Italiya wajen bikin auren Mariya ta gidan Medici da Sarki Henri na Huɗu na Faransa, kamar yadda makaɗan fada suke ƙawata bikin sarauta a ƙasar Hausa. Sai a 1637 aka buɗe gidan opera a Benis wanda kowa zai biya kuɗi ya shiga. Duk da haka masu mulki ba su saki linzami ba: a ƙarshen 1850 masu tace wasanni na Ostiriya, wadda ke mulkin Benis a lokacin, sun ƙi yarda Verdi, mai tsara waƙoƙin opera ɗan Italiya, ya nuna sarki mazinaci a dandali, dole ya mayar da shi hakimin Mantuwa a wasan Rigoletto.

Ummu Usman, Makka:
Malam, Allah ya ƙara basira, amma mu da muka taso a Sudan akwai abin da ya fi taɓa mu. Khedive Isma'il, mai mulkin Masar, ne ya biya Verdi ya tsara Aida, aka fara nuna shi a Alƙahira ranar 24 ga Disamban 1871, lokacin Sudan tana ƙarƙashin Masar. A wasan, sojojin Masar suna shigowa da busa da ganima, fursunonin Habasha a bayansu, kuma shekara huɗu bayan nan Isma'il ya tura rundunarsa ta gaske Habasha, aka ci ta da yaƙi. Na kalli wannan fage a waya, raina ya ɓaci ƙwarai.

Malam Sani, Jidda:
Gaskiyarki, Hajiya. Sai dai wannan Verdi ɗin ne a 1859 masu neman haɗin kan Italiya suka riƙa rubuta sunansa a bango, saboda haruffansa sun dace da haruffan farko na taken "Vittorio Emanuele, Sarkin Italiya" a harshen Italiyanci, kuma a 1861 ya zama ɗan majalisar Italiya ta farko.

Abu Hafsat, Riyad:
Na gode muku, Allah ya saka da alheri. Hajiya, Aida ita kanta 'yar wace ƙasa ce a wasan?

Ummu Usman, Makka:
'Yar sarkin Habasha ce, aka bautar da ita a fadar Fir'auna.